"A Dawo da Yaranmu Gida": Cin Fuskar Soja Ne, Ko Kishinsa?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Nima ne, nan Ankara ta Gana. Babanmu tsohon soja ne, ya je Labanon sau biyu, ya je Laberiya. Yayana kuma yana cikin bataliyarmu da ke kudancin Labanon. Tun da aka ji an raunata sojojin Gana a can, samarin da muke zama tare da yamma suke cewa a fita zanga-zanga a dawo da yaranmu gida, wai yaƙin ba namu ba ne. Na kawo maganar a gida, Baba ya tashi ya bar tuwonsa, ya ce masu wannan magana ba su san darajar kaki ba. Abin mamaki, amininsa da suka yi Laberiya tare cewa ya yi samarin sun yi gaskiya. Shin neman a janye soja cin amanar soja ne? Me ya raba mutum biyu da suka kwana rami ɗaya? Kuma in an yarda a janye, me zai hana a tura jirgi a kwaso su cikin mako guda?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya dawo maka da yayanka lafiya, ya ƙara wa Baba tsawon rai. Tambaya uku ka jero, kuma ta ƙarshen da ka ɗauka ƙarama, ita ce ke warware biyun farko. Neman a janye soja ba cin amanarsa ba ne. Soja bai aika kansa ba, gwamnati ce ta aika shi, kuma ɗan ƙasa yana da hakkin ya tuhumi gwamnati kan inda take kai 'ya'yan mutane. Sai dai "a dawo da su" rabin magana ce. Wanda ya faɗe ta bai gama ba sai ya faɗi yaushe, ta wace hanya, kuma wa za a bari a baya.

Kaki da Zango

Fushin Baba yana da tushe. Tun zamanin Baturen nan Glover, a yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, Turawa ke ɗibar Hausawa da mutanen arewa aikin bindiga a ƙasar nan, har Hausa ta zama harshen bariki, taken rundunar Gold Coast, wato Gana ta zamanin Turawa, ma "Kullum Shiri" ne. Sunayen barikokinmu kansu sunayen fagagen daga ne: Burma Camp daga yaƙin Bama, Myohaung ta Takoradi daga wani gari a can Bama, Uaddara ta Kumasi daga Habasha, Kamina ta Tamale daga Togo. Gidan Zango da bai taɓa ba da ɗa ga kaki ba kaɗan ne. In yaro ya ce "yaƙin ba namu ba ne", tsohon soja ba siyasa yake ji ba, ji yake an ce shekarun da ya yi a rami banza ne.

Amma tarihin nan dai shi ne ya nuna cewa 'yan mazan jiya sun riga kowa fita titi. Sama da mutum 60,000 daga Gold Coast suka yi yaƙin duniya na biyu. Da suka dawo, aikin da aka yi musu alkawari bai samu ba, garatuti bai taka kara ya karya ba, kaya kuma sun yi tsada. Ranar 28 ga Fabrairun 1948 suka ɗauki takardar koke suka nufi fadar gwamna a Osu, ba makami a hannunsu. A mararrabar Christiansborg wani Baturen ɗan sanda, Colin Imray, ya buɗe wuta, Saja Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey suka faɗi. Rikicin da ya biyo baya ya ci rai 29, aka kama Nkrumah da Danquah da wasu huɗu, aka kafa hukumar bincike ta Watson, hanyar da ta ɓulle ga 'yancin kai ranar 6 ga Maris 1957. Ka lura da abu ɗaya: mutanen nan ba yaƙin Bama suka fito la'anta ba. Cewa suka yi mun yi muku aiki, ku cika alkawari. Tun ranar, girmama soja da goyon bayan gwamnatin da ta aika shi sun tabbata abu biyu ne daban a ƙasar nan.

Me ya raba Baba da amininsa

Kowane tsohon soja shaida ne kan abin da idonsa ya gani, kuma yaƙi ba ya nuna wa mutum biyu fuska ɗaya ko da bataliyarsu ɗaya. Wanda aikinsa tsaron sansanin 'yan gudun hijira ne, ya ga mata da yara da suka kwana da rai saboda yana tsaye a ƙofa, zai ce maka tafiya ita ce laifi. Wanda aikinsa kwasar gawar abokansa ne, ya kuma ga waɗanda aka je yaƙa da su sun zama ministoci bayan sulhu, zai ce maka tun farko me aka je yi. Duka biyun ba ƙarya suke yi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ɗakinsa kaɗai ya sani, bai hau rufin maƙwabci ba.

Akwai kuma abin da ba a cika furtawa ba. Wanda ya binne aboki yana buƙatar mutuwar ta zama tana da ma'ana. Wani yakan samu ma'anar a cikin "a ƙarasa aikin", wani a cikin "kada a ƙara binne wani". Hujjar farko tana da daɗin ji, amma ita kaɗai ba ta isa dalilin zama ba, domin jinin da ya riga ya zuba ba ya dawowa da zubar wani. In za a zauna, sai don abin da zaman zai hana faruwa gobe.

Ba mu kaɗai muka ga irin wannan saɓani ba. A Amurka tsofaffin sojojin Biyetnam sun kafa ƙungiyar adawa da yaƙin tun 1967, kuma a Afrilun 1971 ɗaruruwansu suka jefar da lambobin yabonsu a ƙofar majalisa, alhali wasu 'yan mazan jiyan suna kiransu maciya amana. Yaƙin ya ci Amurkawa sama da 58,000 kafin sojojinsu su fita a Maris 1973, Saigon kuma ta faɗi a Afrilun 1975. A Nuwamban 2005 John Murtha, ɗan majalisa kuma tsohon sojan Biyetnam, shi ya tashi ya ce a fitar da sojoji daga Iraki, maganarsa ta yi nauyi saboda ba mai iya ce masa matsoraci. Misalin da ya fi kusa da yayanka ma ya shafi ƙasar da yake: bayan jirage masu saukar ungulu biyu na Isra'ila sun yi karo a Fabrairun 1997 soja 73 suka mutu a hanyar zuwa kudancin Labanon, wasu iyaye mata huɗu masu 'ya'ya a fagen suka fara gangami, kuma a Mayun 2000 Isra'ila ta fice.

Sai dai kwatancen yana da iyaka, kuma samarin unguwa sukan tsallake ta. Waɗancan ƙasashe ne da suka shiga yaƙi da kansu, wasunsu da sojan tilas. Yayanka mai shuɗiyar hula ne, wato sojan kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, ba ya yaƙi da Isra'ila, ba ya yaƙi da Hizbullah. An ajiye shi ne a tsakani ya gani, ya rubuta, ya kai rahoto. Kalmomin da suka dace da Biyetnam ba duka ke hawa kansa ba.

Akwai maganar kuɗi ma, kuma ɓoye ta rashin gaskiya ne. Majalisar Ɗinkin Duniya tana biyan ƙasa, ba soja kai tsaye ba: dala 1,428 a wata kan kowane mutum daga Yulin 2018, aka ƙara zuwa 1,448 daga Yulin 2022, ban da hayar motoci da kayan aikin da ƙasar ta kai. Daga ciki gwamnati ke yanka wa soja alawus na kullum, ta riƙe saura. Ga ƙaramin soja, tafiya ɗaya ita ce fili da bulo, ita ce kuɗin makarantar yara, wani lokaci ita ce kujerar Makka ta tsohuwa. Shi ya sa a bariki neman a sa sunan mutum a jerin masu tafiya ake yi, ba gudu ba. Mai zanga-zangar da ya ce don soja yake yi ya san cewa sojan da kansa yana iya ce masa ban aike ka ba. Wannan bai mayar da zaman daidai ba. Ya dai nuna cewa gwamnati ma tana da riba a ciki, don haka ita ma ba a karɓar maganarta ido rufe.

Kigali, Afrilun 1994

In kana son ka gane abin da ke cikin ran Baba, nan za ka duba. Ranar 7 ga Afrilu, da aka fara kisan kiyashi a Ruwanda, aka kashe sojojin Beljiyam goma na rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya da ke can. Jama'ar ƙasarsu suka ce a dawo da yara gida, gwamnati ta amsa. A wata makarantar koyon sana'a da ke Kicukiro cikin Kigali, mutum wajen 2,000 sun fake a inuwar sojojin Beljiyam. Ranar 11 ga wata sojojin suka hau motocinsu suka tafi, kafin gari ya waye an karkashe mafi yawan mutanen. Ranar 21 ga wata Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 912, ya rage rundunar daga kusan 2,500 zuwa 270. Mataimakin kwamandan rundunar ɗan Gana ne, Henry Kwami Anyidoho. Shi ya tsaya kan cewa ba za su tafi ba, gwamnatin Rawlings ta mara masa baya, sojojin Gana sama da 400 suka zauna, su ne mafi yawan waɗanda suka rage. Harsashinsu kaɗan ne, abinci da ruwa da ƙyar, ba su iya tsayar da kisan ba. Amma sun riƙe filin wasa na Amahoro da filin jirgi da wasu wurare, kuma dubban mutane sun rayu don kawai akwai mai kaki a bakin ƙofa. A 2022 Ruwanda ta ba Anyidoho lambar jarumta.

Abin da ya sa ƙasashe suka yi saurin guduwa kuwa yana komawa Somaliya. A Oktoban 1993 an kashe sojojin Amurka 18 a Mogadishu, aka sa ranar fita a ƙarshen Maris 1994. Duk mai bindiga a Afirka ya ɗauki darasi: ka kashe musu goma, sauran za su tafi. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu cewa a zauna suke da ita, cewa janyewa nan take bayan an taɓa ka tana sa wa duk wani mai shuɗiyar hula farashi a ka, har da wanda ke Bentiu a Sudan ta Kudu.

To amma kada a mayar da Kigali amsar kowace tambaya. Akwai zaman da ba ya kare kowa. Gana ta ɗanɗani haka tun a Kwango, inda aka kashe mata soja sama da 40 a Port Francqui cikin Afrilun 1961. A Mali rundunar Majalisar ta yi shekara goma, ta rasa sama da mutum 300, tsaro bai gyaru ba, daga ƙarshe masu gidan suka ce a tafi. Tambayar da ke raba zaman kirki da zaman asara ita ce: in aka ɗaga wannan sansanin gobe, wa zai mutu wanda da ba zai mutu ba? A Amahoro amsar dubbai ce, kuma ana ganinsu da ido. A wani wurin amsar ba kowa, soja kansa kawai yake gadi.

Labanon tana tsakanin biyun, kuma a nan ne mai gaskiya zai yarda cewa hukunci ne, ba lissafi ba. An kafa rundunar Majalisar da ke can a Maris 1978, kwamandanta na farko namu ne, Janar Emmanuel Erskine, sunanta ma "ta wucin gadi" ce, ga shi ta haura shekara 45. Ba ta hana mamayar 1982 ba, ba ta hana yaƙin 2006 ba, ba ta hana na 2024 ba, kuma ta rasa sama da mutum 300. Mai suka yana da abin faɗa. A ɗaya gefen, ita ce ido a kan shuɗin layin da Majalisar ta shata tsakanin Labanon da Isra'ila, mai tsawon kusan kilomita 120, ita ke kai saƙo tsakanin rundunoni biyu da ba sa magana da juna, ita ke cire nakiya a gonaki, asibitocinta ke duba ƙauyawa. A Oktoban 2024 Isra'ila ta nemi rundunar ta ja baya daga bakin iyaka, ƙasashen da ke da soja a cikinta suka ƙi. A Nuwamba roka ta faɗa wani sansani kusa da Ramyah ta raunata sojojin Gana huɗu. A ganina amfaninta na gaske ne amma ƙarami ne, ya fi kama da na mai shaida fiye da na mai rabon faɗa.

Ga kuma abin da ya kamata samarin su sani kafin su buga kwalaye. A ƙarshen Agustan 2025 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 2790, wanda ya sabunta wa'adin rundunar karo na ƙarshe zuwa 31 ga Disamban 2026, sannan a kwashe ta cikin shekara guda. Wato maganar ko za a janye an riga an yanke ta a New York. Abin da ya rage a yi gardama a kai shi ne ko Gana ta fita ita kaɗai kafin sauran, ko ta fita a jere da su, da kuma yadda za a kare mutanenta a tsakani.

Me ya sa ba a kwaso su cikin mako guda

Bataliya ba fasinjoji ba ce. Mutum sama da 800 ne warwatse a ƙananan sansanoni da dama, da motoci masu sulke, da janareto, da na'urar tace ruwa, da ɗakin magani, da rumbun harsasai, da kwantenoni cike da kaya, mafi yawansu mallakar Gana. Mutanen za su iya hawa jirgi uku ko huɗu. Kayan kuwa sai jirgin ruwa, sai an ƙirga, an duba, an sa hannu tsakanin jami'an Majalisar da na ƙasa, domin a kan wannan ƙidayar ake biyan haya. Harsashi da bama-bamai ba sa tafiya tare da mutane. Wanda ya tsufa ko zafi ya lalata, masana ne ke fasa shi a can, kuma ba aikin yini ɗaya ba ne.

Tsarin fita yana da jeri, in aka saɓa shi jini ke biya. Ana fara sanar da Majalisar ta ofishin jakadancinmu a New York, don kwamanda ya san wa zai toshe gurbin. Sai a rufe sansanonin da suka fi nisa, a tattaro mutane zuwa babban sansani. Kowane wuri sai an miƙa shi hannu da hannu, ko ga wata bataliya ko ga sojan ƙasar, domin hasumiyar gadi da aka bari ba kowa, kafin magariba wani mai bindiga ya hau. 'Yan share fage ke fara tafiya, sai babban ayari, sai 'yan baya da ke raka kaya. Likita da masu sadarwa da masu binciken nakiya su ne na ƙarshe, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne a sallame su da wuri don rage kashe kuɗi. Lokacin da soja ya fi rauni shi ne wannan: yawansa ya ragu, bindigoginsa na cikin kwantena, hanyarsa ɗaya ce, kowa kuma ya san ranar.

Mali ta nuna wannan ƙarara. Gwamnatin can ta nemi a fita a Yunin 2023, aka ba rundunar wata shida kacal. Ayarin ƙarshe da ya bar Kidal, mota 143, ya yi sama da mako a kan tafiyar kilomita 350 zuwa Gao, ba jirgin da ke rufa masa baya saboda ba a ba da izinin tashi ba. Ya taka nakiya sau shida, mutum 37 suka ji rauni, an kuma lalata kaya masu yawa da ba a samu damar ɗauka ba. A Kabul, bayan an sa rana kuma gwamnati ta rushe ranar 15 ga Agustan 2021, bam ɗin ƙofar filin jirgi ranar 26 ga wata ya kashe sojan Amurka 13 da 'yan Afganistan wajen 170. Ga kuma waɗanda ba sa cikin jerin masu hawa jirgi: tafinta, direba, mai dafa abinci, mai wanki, waɗanda unguwa ta san da wa suka yi aiki. Da Isra'ila ta fita a 2000, rundunar 'yan Labanon da ke mata aiki ta watse cikin kwanaki, dubbai suka tsallaka iyaka da iyalansu. Saboda haka uwar da ke son ɗanta ya dawo da ƙafafunsa biyu, fita mai tsari ta fi mata fita mai sauri.

Lokacin da "a'a" ta fi arha shi ne kafin jirgi ya tashi. Ka tuna Agustan 2023, da hafsoshin ECOWAS suka taru a Burma Camp kan shiga Nijar. Malamai da sarakunan yankin da 'yan kasuwa suka ɗaga murya, mu nan har a farashin albasa muka ji rufe iyaka, kuma ba sojan da ya taka ƙasar. Hana tafiya magana kawai ta ci. Dawo da wanda ya riga ya tafi kuwa, ka ga abin da yake ci.

In za ku fita, ku fita da ilimi

Tsarin mulkin 1992 ya ba kowa 'yancin taro da jerin gwano, kuma tun 1993 Kotun Ƙoli ta ce ba a neman izinin 'yan sanda. Abin da dokar 1994 mai lamba 491 ta ce shi ne a sanar da su a rubuce aƙalla kwana biyar kafin ranar, da sa hannun mai shiryawa, a faɗi wuri, lokacin farawa da na tashi, da hanyar da za a bi. Suna iya neman a ɗage ko a sauya hanya, in kun ƙi sai su je kotu, kuma umarnin kotu ba a taka shi. Ɓarnar da aka yi wa kayan gwamnati tana iya hawa kan masu shiryawa. Kada kowa ya sa kakin soja ko mai kama da shi, akwai dokar 1967 da ta hana farar hula. Tsohon soja da ya yi ritaya yana da 'yancin fita kamar kowa, amma wanda ke bakin aiki ba shi da shi. Don haka kada a ɗaga hoton yayanka, kada a sa muryarsa da ya turo ta WhatsApp a TikTok ko Facebook, kada a faɗi sunan sansaninsa. Ka iya jawo masa tuhuma a bariki, ka iya kuma nuna wa mai roka inda yake kwana.

Ni da za a tambaye ni me za a rubuta a takardar koke, ba zan tsaya kan "a dawo da su" ba, don minista zai amsa da jimla ɗaya ya wuce. Tambayoyin da ke sa shi gumi su ne: kowane sansani yana da ramin fakewa da zai ɗauki duk mutanen cikinsa? Minti nawa ne tsakanin sansani mafi nisa da asibitin tiyata? A jerin fita, Gana ce ta nawa, kuma wa zai karɓi wurarenta? Nawa Majalisar ta biya bana, nawa ya isa hannun soja? Waɗanda suka ji rauni an biya su? Ku kai wa ɗan majalisarku na Ayawaso ta Gabas ya yi wa Ministan Tsaro tambaya a zauren majalisa, ku aika kwafi ga kwamitin tsaro da harkokin cikin gida, dokar neman bayanai ta 2019 ma tana ba ku damar nema a rubuce. Irin wannan takarda Baba da amininsa duka za su iya sa mata hannu.

Ranar da ya sauka

Abin da aka fi gani ga masu bin hakkin 'yan mazan jiya shi ne ba a fagen daga ake cutar soja ba, a kan takarda ne. Ka gaya wa yayanka duk ciwon da ya samu a can, ko ƙarar fashewa ce ta taɓa masa kunne, ko baya ne ya riƙe, ya tabbata likitan sansani ya rubuta da kwanan wata, ya kuma riƙe kwafi kafin ya hau jirgi. Majalisar tana biyan diyyar dala 77,000 in soja ya rasu a bakin aiki, da wani kaso na wannan in ya nakasa, amma gwamnati ce ke shigar da buƙatar, ta hannunta kuma kuɗin ke biyowa. Raunin da ba a rubuta a can ba, tabbatar da shi bayan shekara biyar a asibitin soja na 37 wahala ce babba. Ya duba sunan magajin da ya rubuta a fayil ɗinsa, musamman in ya yi aure ko ya ƙara bayan shigarsa aiki, don rigimar gado da yawa daga nan take tashi. Baba kuma, in bai yi rajista da hukumar 'yan mazan jiya ta VAG ba, wadda dokar 2012 ta kafa, ya ɗauki littafin sallamarsa da lambar aikinsa ya je.

Sai ciwon da ba ya jini. In ya dawo ba ya barci, yana zabura in yara sun fasa abin wasan wuta, yana zama da bayansa a bango, yana faɗa da matarsa kan abin da bai kai ba, ko ya fara neman tiramol, kada a ce iska ce kawai a tsaya kan tofi da rubutu. A yi addu'a, a kuma kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa, musamman in abin ya wuce wata guda bai lafa ba. Mutanen gida sukan yi kuskure biyu: ko su dame shi da "ba mu labari", ko su kewaye shi da buƙatun kuɗi tun bai kwance jaka ba.

Game da Baba kuwa, kada ka sake kawo masa maganar a kan tuwo, kuma kada ka kawo ta da bakin samarin unguwa. Ka same shi bayan la'asar, shi da amininsa in zai yiwu, ka tambaye shi yadda suka miƙa sansaninsu a tafiyarsa ta ƙarshe, wa ya karɓa, kwana nawa suka yi suna ƙirgar kaya, da wanda aka bari a baya.